Tambayar da aka yi sau goma, da wadda ba ta shafi zaure ba

"Baba Malam, barka da aiki. Ni nake kula da wani zauren WhatsApp na manoma da 'yan kasuwar amfanin gona a nan Garwa, arewacin Kamaru. Mun fara mu talatin, yanzu mun haura ɗari huɗu, har da mutanen Marwa, Ngaundare da Kuseri. Damuwata biyu ce. Tambaya ɗaya sai a yi ta sau goma: maganin tsutsar masara, lokacin zuba yuriya, yadda ake ajiyar albasa. Malaman gona biyu da ke taimaka mana da amsa sun gaji, ɗaya ma ya fita. Sannan kowa na jefo abin da ya ga dama, tun daga tallan takalma har gardamar siyasa. Da na fara gogewa sai wani dattijo ya yi fushi, ya ce na ci masa mutunci a gaban yara. In ci gaba da gogewa ne, ko in zuba ido?"

Barka kadai, ɗana. In na fahimce ka, so kake ka tsare zauren kada ya koma tasha, kuma kana tsoron garin tsarewar ka kori mutanen da aka buɗe shi dominsu. Sai dai ka zuba kaya iri biyu a buhu ɗaya. Wanda ya maimaita tambaya ya zo gidan da ya dace, latti kawai ya yi. Wanda ya kawo tallan takalma kuwa ɓatan ƙofa ya yi, ko kuma ya san ƙofar sarai yana gwada ka. Na yi shekaru ina aikin malamin gona tsakanin ƙasar Binuwai, wato yankin Garwa, da Diyamare, yankin Marwa, tun ana tara manoma a gindin bishiya, bayan na ajiye aiki kuma na riƙe zauruka irin naka. Abin da zan gaya maka daga nan na samo shi.

Me ya sa ake maimaitawa

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin ka ɗora wa mutane laifin lalaci, dubi wurin da ka tara su. WhatsApp don hira aka gina shi, saƙo yana wucewa kamar ruwan kwata, na yau ya danne na jiya. A da mutum 256 ne iyakar zaure, a 2022 aka ɗaga zuwa 512, daga baya 1,024. An faɗaɗa ɗakin, amma ba a gina masa rumbu ba. Wanda ka shigar yau ba zai ga amsar da malami ya ba da bara ba, ko da ya so. In ka ce masa "duba sama", ka aike shi ne ɗakin da ba shi da mabuɗinsa.

Sai maganar murya. Yawancin manomanmu saƙon murya suke turawa, malaman ma da murya suke amsawa don ya fi sauri. Wurin binciken da ke cikin WhatsApp rubutu yake nemowa, ba ya shiga cikin murya ya tono kalma. Amsa mai kyau ta minti biyar, in ba a rubuta komai a kanta ba, bayan kwana uku ta nutse. Rubutun ma ba tsira ya yi ba: wani ya rubuta "tsutsa", wani "tsusa", wani ya rubuta da Fillanci, ɗan makaranta ya rubuta da Faransanci. Ƙara da wanda megansa, wato datar wayarsa, kan ƙare, sai ranar kasuwa ya saya, ya buɗe ya tarar da saƙo ɗari shida, ya share duka don wayar ta yi nauyi. Ƙara da gidan da waya ɗaya ce tsakanin uba da 'ya'ya uku.

Noma kuma shi kansa maimaici ne. Tun farkon 2016 da aka fara ganin baƙuwar tsutsar nan mai cin masara a Afirka ta Yamma, babu daminar da ba ta dawo ba, tambayarta kuwa tare suke dawowa. Akwai kuma wani abu da na daɗe ban gane ba. Sau da yawa mutum ya ji amsar da aka ba maƙwabcinsa, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba sai an ambaci gonarsa, kamar marar lafiyan da ba ya yarda an duba shi sai likita ya taɓa shi. Kuɗin da zai kashe a kan maganin feshi na cefanen gidansa ne, ba laifi ba ne in ya so a tabbatar masa.

Ba kowace mai kama ce maimaici ba

Nan ne na fi so ka tsaya. Ma'aunin da nake amfani da shi ɗaya ne: in na ɗauko tsohuwar amsa na miƙa wa wannan mutum yadda take, ya je ya aikata, za ta yi masa aiki? In za ta yi, tambayar maimaici ce. In sai an canza wani abu a ciki, sabuwa ce, ko da kalmomin sun zo daidai harafi da harafi.

Ka ce mutanenka sun kama daga Ngaundare har Kuseri. To, ruwan da ke sauka a Ngaundare a shekara yana kaiwa wajen milimita 1,500, Garwa wajen 1,000, Marwa wajen 800, Kuseri kuwa tsakanin 500 da 600. Mutumin Ngaundare ya yi shuka har ta fito, na Kuseri bai ga hadari ba. "Yaushe zan shuka, wane iri zan saya?" daga bakin waɗannan mutum huɗu tambaya huɗu ce. Irin masara mai dogon kwana da zai cika rumbu a Adamawa, inda Ngaundare take, a bakin kogin Logon, inda Kuseri take, ruwa zai ɗauke ya bar shi da bunu. Haka wanda ya ce "dawata". Ta damina yake nufi, ko masakwa? Masakwa dashe ake yi bayan ɗaukewar ruwa, wajen watan Oktoba, a baƙar ƙasar nan mai riƙe laima da Fulani ke kira karal, a girbe ta wajen Fabrairu. Shawarar taki da ciyawa ta dawar damina ba za ta hau kanta ba.

Tsutsar ma ba ɗaya ba ce. Baƙuwar tana zama a tsakiyar kan masara inda sabon ganye ke fitowa, tana barin kashi kamar dusar katako, a kanta akwai zane kamar harafin Y a kife, kusa da wutsiya kuma ɗigo huɗu baƙaƙe. Tsohuwar da muka sani tana huda kara ta shige ciki, inda feshi ba ya cim mata. Duka biyu manomi zai ce maka "tsutsa ta ci mini masara".

Bari in ba ka labarin kuskurena. Wata damina, a mako guda an yi mini tambayar masara mai rawaya kusan sau bakwai, kowane karo ina cewa yunwar taki ce, a zuba yuriya. Da wani yaro ya zo da ta takwas, na gaji, na ce masa an riga an amsa, ya saurari ta sama. Ya saurara, ya ci bashi ya sayi yuriya ya watsa. Ashe gonarsa a kwari take kusa da kogi, ruwa ya kwanta a ciki kwana da kwanaki. Saiwar da ta nutse a ruwa ba ta iya shan taki, yuriya kuwa nan da nan take narkewa ta bi ruwa. Abin da yake bukata a buɗe wa ruwan hanya. Yunwar taki tana farawa daga tsofaffin ganyen ƙasa, rawayar ta taso daga tsinin ganye ta bi jijiyar tsakiya, da na nemi hoto da na gane. Wuta-wuta ma tana tsuke masara tun tana ƙarƙashin ƙasa ba ta fito ba. Yaron bai zarge ni ba, shiru ya yi, bai sake tambaya ba har ya fita. Shirun nan ya fi zagi ciwo.

Tun daga ranar, kafin in ce tambaya maimaici ce sai na ji abu uku: ina gonar take kuma wace irin ƙasa ce, me aka shuka kuma yaushe, sai hoto na kusa da na nesa. Mai amsa waɗannan, sau da yawa kafin ya gama ya ba kansa rabin amsa.

Abin da nake yi da maimaici na gaskiya

Hanyoyin da ke gabanka sanannu ne. Gogewa tana tsabtace zaure, amma mai tambaya ya tafi hannu wofi, gobe kuma wasu goma da suka gani za su ji tsoron buɗe baki. Yin shiru ya fi muni, don wanda bai sani ba ne zai yi wuf ya amsa, galibi mai sayar da magani. Sa malami ya sake amsawa kowane karo shi ne ya kori malaminka ɗaya. Saura hanya ta huɗu, wadda ita nake bi: a miƙa wa mutum tsohuwar amsa a hannunsa, kuma ba malami ne zai miƙa ba.

Ga yadda abin yake. Duk amsar da malami ya ba da mai kyau, sai in roƙe shi ya sake ɗaukarta a natse, kada ta wuce minti biyu, ɗaya da Hausa ɗaya da Fillanci, tunda a arewacin Kamaru Fillanci ne harshen kasuwa ga mutane da yawa. In ba ta lamba, in rubuta layi ɗaya tare da ita: lamba 7, tsutsar kan masara, da wata da shekara. Layin nan shi ne igiyar da za a jawo ta da shi. Ina tara su a wani ƙaramin zaure dabam wanda masu kula kaɗai ke iya turawa a ciki, tsarin da WhatsApp ya kawo tun 2018. Shi muke kira rumbu. Sai in samo samari biyu ko uku masu son abin, aikinsu kawai in tambaya ta shigo su yi tambayoyi ukun nan, in ta dace da lamba 7 su ɗauko su tura wa mutumin da sunansa, su ce: "Baba, ga abin da Malam ya faɗa a kan wannan, in gonarka ta bambanta ka gaya mana." Ba ya cin minti ɗaya. Malami kuma sai abin da ya gagari rumbu ne ke isa gare shi, a tara masa, ya amsa sau biyu a mako.

Kada kuma ka jira a tambaya. Kai ka san kalandar noma. Ana fara shuka, saki amsar iri da tazara. Masara na kai gwiwa, saki ta tsutsa da ta yuriya. Ana shirin cire albasa, saki ta ajiya: a daina ban ruwa kafin cirewa, a bari wuya ya bushe, a ware mai rauni, a shimfiɗa a inuwa mai iska ba a tula a buhu ba. Ana iya maƙala saƙo har uku a saman zaure, mafi daɗewa kwana 30, sai ka riƙa sauyawa da tafiyar damina. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu biyu ka kiyaye da rumbun. Amsa tana tsufa: farashi na canzawa, maganin da ke kashe ƙwaro bana wata shekara ƙwaron ya saba da shi, wani kuma hukuma ta hana shi. Shi ya sa nake sa kwanan wata, kuma kowace shekara kafin ruwa malami ya sake sauraron duka. Na biyu, in ka ga mutane sun ji amsa amma suna ta dawowa da tambayar, amsar ce ke da rauni. Na taɓa ba da bayani da lissafin hekta, aka yi ta sake tambaya har na fusata, sai wani ya tuna mini cewa mu nan ƙasar auduga da kar muke auna gona, wato rubu'in hekta, kuma manomi da famfon goyo yake lissafin ruwan feshi. Da na sake faɗa da ma'auninsu, tare da jan kunne a karanta abin da ke jikin kwalba, tambayar ta ragu da kanta.

Abin da ya kauce wa manufa

A nan ina da sassauci fiye da yawancin masu kula, kuma ina da tsauri fiye da su, ya danganta da kayan. Manomi ba ya raba noma da rayuwa. Farashin masara a kasuwar Pitowa da ke kusa da Garwa ran Lahadi, kuɗin motar albasa zuwa kudu, hanyar da ruwa ya yanke, ragon da ake turkawa da harawar wake, duk noma ne a wurinsa, ni ma haka na ɗauke su. Sanarwar rasuwa ba na taɓa ta. Zauren da ba a yi wa mutum ta'aziyya a ciki ba, ba zai zauna ya saurari shawararsa ba. Abin da nake roƙo shi ne kada mutum ɗari biyu kowa ya turo nasa hoton addu'a, a kira mamacin gida a waya ya fi lada. Hotunan barka da Juma'a kuwa, na sha fama har na haƙura da rabi: na bar gaisuwar baki, na hana hoto da bidiyo, na kuma faɗi dalili, cewa megan talaka suke cinyewa. Dalilin nan ya fi doka aiki.

Talla na ba ta rana ɗaya a mako, kuma kayan gona kawai. Mai takalma ya nemi wani wuri. Maganin feshi da aka ɗura a gorar ruwa babu suna babu takarda, wannan ko ranar talla ba ya shiga.

Inda ba na jira ko kaɗan shi ne gardamar siyasa, gardamar addini, da jita-jitar tsaro. Zaure irin naka akwai Musulmi akwai Kirista, akwai Bahaushe, Bafulatani, Tupuri, Mundang, taki ne ya haɗa su, kalma ɗaya ta isa ta raba. Jita-jita kuwa, irin "an kai hari a wuri kaza, ku yaɗa", bayan tsoron da take jefawa akwai doka a kanta. Dokar Kamaru ta 21 ga Disamba 2010 kan laifukan intanet, a sashe na 78, ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu, ko tarar sefa miliyan 5 zuwa 10, ko duka biyu, ga wanda ya yaɗa labari ta hanyar sadarwa alhali ba zai iya kawo hujjar gaskiyarsa ba. Ni malamin gona ne, fassarar doka aikin lauya ce, amma karanta wa mutane wannan sashe sau ɗaya ya rage mini wahala ƙwarai. Ka kuma lura da alamar kibiya biyu da ke nuna saƙo ya sha yawo. WhatsApp da kansa tun 2020 ya taƙaita tura irinsa zuwa wuri ɗaya a lokaci guda, don rage yaɗuwar labaran ƙarya.

Akwai kuma tambayar da a takarda ta kauce, amma ba a kora ta. Wani ya ce ɗansa ya yi feshi ya dawo yana amai da jiri. Ba zauren lafiya ba ne, kuma kada ka bari a fara jero masa madara da manja. Amsa ɗaya ce: a cire masa kayan, a wanke jiki da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti yanzu tare da kwalbar maganin. Sannan ka kira shi.

Yadda ake cirewa

Dattijon nan da ya yi fushi yana da hujja. Tun 2022 mai kula na iya goge saƙon kowa, amma wurin ba ya zama fanko, ana rubuta cewa wane ne ya goge. Wato mutum ɗari huɗu sun ga yaro ya toshe bakin babba. Ni in ba abin gaggawa ba ne, kiran mutum nake yi, mu gaisa, in tambayi iyali da gona, sannan in roƙe shi ya cire da hannunsa. Cikin goma, tara za su cire har su ba da haƙuri. In babba ne ƙwarai, sa'ansa nake turawa, shi ya sa ya kamata cikin masu kula a sami mai furfura ko da bai iya latsa waya sosai ba. Dokokin kuma su zama kaɗan, a rubuta su a bayanin zaure inda sabon shiga zai gani, a karanta su da murya duk wata. Kuma su hau kan kowa. Ranar da ka goge tallan ɗan acaɓa ka bar na Alhajin da ke ba ku kuɗin mega, ranar dokarka ta mutu. In rigima ta kaure da dare, rufe zauren zuwa safe, ka faɗa cewa ka rufe da lokacin buɗewa. Cire mutum gaba ɗaya sai bayan an yi masa magana a keɓe sau biyu.

Iyakar wannan dabara

Ba zan ɓoye maka ba, tsarin nan yana cin lokaci, kuma ba wanda zai biya ka. Samarin da ke miƙa amsa suna gajiya, suna samun aiki su tafi, sai ka sake koya wa wasu. Ni a hannuna yana tafiya daidai har mutum ɗari uku zuwa huɗu, in an wuce haka na fi ganin a raba zaure bisa yanki ko bisa amfanin gona, na albasa dabam, na hatsi dabam. Rabawar ma tana da asara, don mutumin Marwa ba zai ƙara jin dabarar na Garwa ba. Hoto kuma ba ya maye gurbin zuwa gona, akwai cutar da sai an tuge shuka an duba saiwa, ko a kai wa ma'aikatan IRAD, cibiyar binciken noma ta gwamnatin Kamaru, ko malamin gona na yankin. Sannan duk abin da na faɗa a kan manoma na gwada shi. Zauren fatawa ko na lafiya, inda kuskuren amsa ya fi nauyi, masu shi za su fi ni sanin inda za a ƙara tsauri. Matsalar da har yau ban warware ba ita ce ta masu shiru, musamman mata, waɗanda ke da gonar gyaɗa da kuɓewa amma ba sa tambaya a gaban maza ɗari huɗu. Abin da na iya yi kawai shi ne ba da dama a turo wa mai kula a keɓe, shi ya saka tambayar ba suna.

Game da halin da kake ciki yanzu, fara da dattijon. Kada ka tura saƙo, je ka same shi ko ka kira, ka ba shi haƙuri a kan yadda aka yi, sannan ka roƙe shi ya shiga cikin masu kula. Malamin da ya fita kuma kada ka ce ya dawo zaure tukuna. Roƙe shi yini ɗaya kawai, ku zauna da shayi, ya ɗauki amsar tambayoyi goma da suka fi damun ku, ku sa musu lamba. In ya ga sati biyu sun wuce ba wanda ya tashe shi da tambayar yuriya da tsakar dare, sai ka sake yi masa maganar dawowa.